Mahmuda Mai Kiran Jirgi da Shaidar da Aka Hana Shi

Ranar Talata, goma sha huɗu ga watan Maris na 1989, cikin watan Sha'aban, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malam Mahmuda Kurfi a ɗakinsa da ke Dutsin-Ma, bayan ya sha jinyar shanyewar ɓarin jiki. Ina riƙe da hannunsa na hagu, wanda ya riga mai shi mutuwa, matarsa Rekiya tana riƙe da na dama. Kafin azahar an gama yi masa sutura. Ni mace ce, kuma Kirista, saboda haka iyakata ƙofar gida, daga nan na tsaya na ga an ɗauki makara. Jama'a ta cika layin har bakin titi. Malam Mahmuda, da ka ga sahun da aka ja maka da ka yi dariya. Shekara goma kana neman wanda zai haɗa kafaɗa da kai a masallaci ba ka samu ba, sai ga shi ranar jana'izarka ana ture-ture wajen shiga sahun gaba.

Sunana Lai'atu, unguwarzoma ce ni a asibiti. Daga ƙasar Filato aka turo ni garin nan a 1971, ban san kowa ba, Hausata ma ta coci ce da ta kasuwa. Katanga guda ce ta raba ɗakin da na kama haya da gidanka. Ranar da na sauka Rekiya ta miƙo mini tuwo ta kan katangar, kai kuma ka zo ka gyara mini ƙyauren da ba ya rufuwa, kana yi kana yi mini ba'a wai mutanen dutse sun zo Dutsin-Ma neman dutse. Tun daga ranar kake kirana Sista, har ranar da bakinka ya daina iya faɗin kalmar. Don haka abin da zan rubuta nan ba jita-jita ba ce. Wanda ya ji ya yi masa zafi, ba da gangan na taka shi ba, shi ya shimfiɗa ƙafarsa a hanya.

Ga wanda bai san garin a wancan lokaci ba, akwai wani ɗan filin jirgi a bayan gari, gefen hanyar Kurfi. Kiran sa filin jirgi ma karamci ne. Jar ƙasa ce aka share aka daddaɓe a kan tudu, ba shinge, ba kwalta, sai ɗaki guda mai rufin kwano, da janareto a bayansa, da wata doguwar jakar yadi da aka ɗaura a kan sanda don ta nuna inda iska ta nufa. An yi shi ne saboda jiragen feshi masu zuwa kashe tsuntsayen jan-baki idan sun faɗa wa gero, daga baya ƙananan jiragen manyan ma'aikata da 'yan kwangila suka riƙa sauka a kansa. A cikin ɗakin akwai tebur, da kujera, da rediyon oba-oba, da kai.

Aikinka shi ne magana da matuƙi tun yana sama. Za ka gaya masa inda iska take kaɗawa, ko ƙasa a bushe take ko da laka, da kuma ko akwai wani abu a kan filin. Kafin jirgi ya iso kakan hau kekenka ka bi filin daga wannan kai zuwa wancan, kana korar awaki, kana roƙon masu wucewa su dakata, kana tsince duwatsun da makiyaya suka yi murhu da su. Duk abin da ka faɗa, ƙa'ida ce matuƙi ya maimaita maka shi don ka tabbata ya ji. Amma akwai wata ƙa'ida wadda mutanen gari ba su sani ba, ni ma sai da ka zaunar da ni ka yi mini bayani wata rana Rekiya tana daka. Ka ce a babban fili irin na Kano, mutumin da ke kan hasumiya umarni yake bayarwa, in ya ce kada a sauka ba a sauka. A ƙaramin fili irin namu kuwa, ka ce, “Sista, ni labari nike badawa, ba doka ba. In na hwaɗa mai abin da idona ya gani, shi ke nan nawa ya ƙare. Sauka ko hwasawa, wannan nashi ne.”

Ina so mai karatu ya riƙe wannan, domin a kansa aka kashe ka da rai.

Alherinka ne ya fara haƙa maka ramin. A daminar 1974 aka kawo mana wata mata daga Kutawa, naƙuda ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, ɗan ya kwanta a gicciye. Aikin tiyata take buƙata, likitanmu ba ya gari, rafi kuma ya kawo ya yanke hanyar Katsina. Da na rasa ta yi sai na ɗaura ɗankwali na yi filin jirgi a guje. Na same ka kana cin gyaɗa. Ba ka tambaye ni 'yar gidan wa ce ba. Ka kunna rediyo ka yi ta murɗawa har ka ji muryar wani matuƙi da ya taso daga Sakkwato zai Kano da ƙaramin jirgi, ba shi da wata harka da Dutsin-Ma. Ka shiga roƙonsa da Turanci, muryarka a kwance amma gumi yana ɗiga daga haɓarka. Mutumin ya ce ba hanyarsa ba ce, ka ce ka sani. Ya ce mansa ba shi da yawa, ka gaya masa nisan da zai ƙara da inda iska za ta taimake shi. Ina tsaye na ji ƙara daga yamma, sai ga jirgi ya karkato. Aka sa ta a ciki aka wuce da ita asibitin Kano. Matar ta rayu, ɗan ya rayu, yana nan Kutawa da sunanka. Ka dawo ka ci gaba da cin gyaɗarka.

Sai dai dangin matar da suka biyo ni filin ba roƙo suka gani ba. Abin da suka gani shi ne Mahmuda ya yi magana cikin ƙarfe, jirgi ya faɗo daga sama. Kafin kasuwar Kurfi ta sake ci labarin ya gama ƙauyuka, sunanka ya koma Mai Kiran Jirgi.

A nan zan faɗi naka laifin, domin ka san ni ba na shafa wa mamaci man da bai shafa ba yana da rai. Sunan ya yi maka daɗi. Kakan san ranar da jirgi zai zo tun kafin ya taso, amma idan dattawa suka ratso ta filin za su kasuwa suka ce, “Malam Mahmuda, a kira mamu shi mu gani mana,” sai ka gyara hula, ka dubi agogo ta gefen ido, ka ce to bari a gwada. Ka shiga ɗaki, ka yi 'yan maganganu, ka fito ka ɗaga hannu sama, sai ga jirgi. Tsofaffi su yi ta salati. Goro, ƙwan zabi, nono, har ɗan akuya an taɓa kawo maka. Na sha gaya maka ka daina, na ce wasan nan zai ci ka. Ka ce, “Haba Sista, ki bar tsohhi su ji daɗi, mi aka rage masu?” Ba mugunta ba ce, na shaida. Son wasa ne da ɗan son a yaba, wanda kowannenmu yake da nasa. Amma kai ka dasa a zukatan mutane cewa jirgi ba ya sauka sai da yawunka.

Mahaifiyarka ta rasu kana goye. Ƙanwarta Kande ce ta ɗauke ka ta shayar da kai tare da ɗanta Bilya, wanda shi kaɗai Allah ya raya mata. Ba ka san wata uwa ba sai ita, Dada kake ce mata, har garin ya bi bakinka aka koma Dada Kande. Ta yi aure a wani ɗan ƙauye da ke ƙetaren filin, mijin ya rasu, tana zaune da Bilya, wanda ya girma ya zama magidanci mai shanun noma biyu da amalanke. Kullum da rana Dada takan ɗauko ƙwaryar fura ta zauna a inuwar ɗakin rediyo, daidai ƙarƙashin tagarka, tana sayar wa masu wucewa. Kai ka kafa mata rumfar da hannunka. Ludayin farko naka ne, kuma ba ta taɓa yarda ka biya ba.

Da kakar 1978 abin ya faru. Abin da ka gaya mini ke nan a ranar, kuma ba ka taɓa sauya ko harafi guda a cikinsa ba har ka bar duniya. Wani ƙaramin jirgi ya taso da wani ɗan kwangila mai sauri. Ka bi filin da keke, ba komai a kai, ka dawo ka zauna. Jirgin yana gab da isowa sai ga Bilya ya shigo da amalanke cike da damman gero, zai ƙetara zuwa gida kamar yadda ya saba. A tsakiyar fili ƙafar amalanken ta goce daga gindinta, kaya ya kife gefe. Ka gaya wa matuƙi fili ba a buɗe yake ba, akwai shanu da mutum. Ya maimaita maka, ya ji. Sannan ya ce yana hangen su, zai tsallake su ya dira a gabansu, fasinjansa ba zai iya jiran kewaye ba. Ka ce masa shanu ba su san tsallakewa ba, ƙara za ta firgita su. Ka sake faɗa, ka sake. Daga ƙarshe Turancin ya gudu ya bar ka, ka koma yi masa ihu da Hausar da ba ya ji: “Kada ka sabka! Don girman Allah kada ka sabka, ɗan'uwana ne!”

Ya sauko. Shanun suka tsinke igiya suka yi gaba, daidai inda jirgin zai dira, Bilya ya bi su don ya tare. Ni aka kawo wa gawar. Na yi shekara da shekaru ina ganin jini, amma ranar sai da na fita waje na zauna a ƙasa. Ba zan rubuta yadda farfelar jirgin ta yi da shi ba.

Ɗan kwangila ya nemi mota ya wuce Katsina tun kafin a wanke jinin. Matuƙin ya bi shi. Ba wanda ya san sunansu a garin nan, ba wanda ya ƙara ganin fuskarsu. Bayan 'yan makonni aka turo mutane masu bincike. Suka ce matuƙi ya shaida musu cewa an gaya masa fili a buɗe yake. A ɗakinka babu na'urar ɗaukar magana, irin wannan sai manyan filaye. Abin da ka faɗa ya shiga iska ya tafi. Maganarka ce da maganarsa, shi kuma yana da aninai a kafaɗa da mai kuɗi a bayansa. Suka tambaye ka ko akwai wanda ya ji. Fuskarka ta saki, ka ce akwai, uwarka tana zaune ƙarƙashin taga.

Aka kira Dada Kande. Ina wurin, domin ni ma an kira ni kan batun gawa. Ta zo da mayafin makoki ta durƙusa. Aka tambaye ta ko ta ji Mahmuda yana hana jirgin sauka. Ba ta dubi inda kake ba. Ta ce, “Ni ban ji komi ba.”

Aka kore ka daga aiki. Wannan shi ne ƙarami a cikin abin da aka yi maka.

Ka yi ta bin mutane kana yi musu bayanin ƙa'ida, cewa ba ka da ikon saukar da jirgi, ba ka da ikon hana shi. Su kuwa suka yi ta dubanka. Ba kai ne kake ɗaga hannu ya sauko ba? Ba da idonsu suka gani ba, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba? Dattawan nan da suka yi ta kawo maka ƙwan zabi su suka fara cewa ka kira jirgi a kan ɗan'uwanka da gangan. Da aka rasa dalili sai aka ƙera: wai gonar da Dada za ta bari kake hari. Gonar da ko rabon gado ba zai kawo maka ita ba, kuma kowa ya san haka. A masallaci in ka shiga sahu sai na damanka ya tuna bai yi alwala ba. In an yi suna ko ɗaurin aure a layinmu, goro yakan tsallake ƙofarka ya faɗo tawa, ni baƙuwa. Rekiya tana yin ƙuli-ƙuli mai kyau, aka daina saye, sai dai in karɓa in kai asibiti in ce na wata ce. Iyaye mata suka riƙa tsorata 'ya'yansu da kai: in ba ka yi shiru ba Mahmuda zai kira maka jirgi. Na ji wannan da kunnena a ɗakin awo, daga bakin matar da ni na karɓi haihuwarta. 'Yarka Zinariya ta daina zuwa makaranta saboda duk inda ta gifta sai a buɗe hannuwa ana yi mata ƙugin jirgi.

Ka koma gyaran rediyo a wata rumfa a kasuwar Kurfi. Hannunka yana da kyau, ba mai musu, don haka ana kawowa, amma a ajiye a bakin rumfa a tsaya nesa, a karɓa ba godiya. Ban taɓa jin ka zagi kowa ba. Ni ce nake yi maka zagin, kai kana ba ni haƙuri.

Bayan arba'in ɗin Bilya, Dada ta kwashe kayanta ta koma Wurma wurin danginta. Daga nan ka ɗora wa kanka abin da ya cinye sauran rayuwarka. Duk Juma'a bayan an sauko, sai ka ɗaure ɗan sukari ko sabulu a bayan keke ka kama hanyar Wurma. Rani da damina. Abu guda kake nema, ta buɗe baki a gaban mutum biyu kacal ta ce ta ji. Ka daina maganar a mayar da kai aiki tun da daɗewa. Ka ce mini, “Sista, ba aikin nike so ba. So nike in an ce Zinariya ɗiyar wa ce, ta iya hwaɗin sunana.”

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Dada ba ta taɓa korarka ba. Da ta kore ka da ka huta. Tabarma take shimfiɗa maka, ta dama maka fura da hannunta, ta tambayi Rekiya da yara, ta sa ka gyara mata danga, ka ɗebo mata ruwa, ka duba mata akuyar da ba ta cin abinci. Sai rana ta yi sanyi, ka durƙusa za ka yi sallama, ka ce, “Dada, batun nan dai.” Ita kuma ta ce, “Na ce maka ban ji ba. Allah shi kai mu wata Juma'a.” Ka dawo ka jingine keke, ka ce mini yau kam ka ga alamar ta fara saukowa. Shekara goma kana ganin alama. Wani lokaci, Allah ya gafarta mini, har ni na fara tunanin ko da gaske ba ta ji ba, ko tashin hankalin ganin ɗanta ya toshe mata kunne. Kai ba ka taɓa shakka ba. Ka ce tagar a buɗe take, tsakaninku bai fi tsawon hannu ba.

Bayan an kore ka aka gyara ɗakin rediyon. Aka kawo na'urar ɗaukar magana, aka kawo wata mai buga saƙo a kan takarda daga Kano, aka sa shinge na waya. Jinin Bilya ne ya sayo su, wanda ya gaje ka kuma ya more. Bara waccan ka leƙo ta katanga da rediyo a hannu, kana ta murna kamar an yi maka albishir. Ka ji ana hira cewa a ƙasashen Turawa ana ƙoƙarin haɗa na'urar da mutumin ƙasa zai rubuta wa matuƙi saƙo ya fito masa a gabansa yana sama, shi ma ya amsa a rubuce, kowace kalma ta zauna da lokacinta, ba mai iya cewa ba haka aka ce masa ba. Ka yi ta yi mini bayanin yadda za ta yi aiki, da yadda wata rana za ta iso har ƙananan filaye irin namu, idanunka suna ƙyalli. Can sai ka kashe rediyon. Ka ce, “Wanda za a ba wannan ɗakin nan gaba ba zai buƙaci uwa ba.” Ka juya ka shiga gida.

A kan hanyar Wurma ciwon ya buge ka, wata Juma'a cikin watan Janairu. Direban wata motar kasuwa ya tsince ka kwance gefen keke, sukarin ya zube a ƙasa. Hawan jini ne, na daɗe ina yi maka faɗa a kansa. Ɓarin hagu ya tafi, baki ya karkace, amma hankalinka yana nan garau, wannan kuma ba rahama ba ce. Kalma guda ta rage maka wadda ake ganewa, ita ce Dada. Rekiya ta je Wurma da kanta ta durƙusa mata. Dada ta ce ƙafa ta hana ta motsi. Na ɗauki hayar mota na aika, ta dawo ba kowa. Muka juya maka gado ya fuskanci ƙofa saboda wuyanka ya gaji da waiwaye. Duk wanda ya yi sallama sai idonka ya tashi, in ka ga ba ita ba ce ya koma. Haka ka cika, idonka a kan ƙofa, ni na rufe maka shi.

Ranar sadakar uku sai ga ta. A ƙafa ta tako daga tasha, ba sanda. Ta shigo cikin mata ta zauna kusa da Rekiya, aka yi gaisuwa, aka yi addu'a. Na yi niyyar in kame bakina don darajar gidan makoki. Ban iya ba. Da mata suka ragu, saura ni da ita da Rekiya da Zinariya, na matsa gabanta na ce, “Dada, yanzu dai ƙasa ta rufe shi, ba abin da zai ci da maganarki. Don Allahn da ya halicce ki, kin ji ko ba ki ji ba?”

Ta dube ni kamar na tambaye ta ko rana tana fitowa daga gabas.

“Yo in ban ji ba kurma ce ni? Har ƙwaryata sai da ta kihe don ihunshi. Kada ka sabka, ɗan'uwana ne. Ko yau na kwanta ina jin shi.”

Rekiya ta yi wata irin ƙara ta toshe bakinta da zane. Na ce, “To me ya hana ki faɗa?”

Ta ce, “Da hwarko zahi ne. Mai tuƙin ya tahi, mai kuɗin ya tahi, ban san ko sunansu ba. An kashe mani ɗa, sai in tashi hannu wohi, ba wanda zan riƙe? Shi na samu kusa.” Ta gyara zama, ta share hanci da gefen mayafi. “Daga baya zahin ya huce, wallahi ya huce. Amma sai na ga duk Juma'a yana zuwa. Ke baƙuwa ce, ba ki san zaman tsohuwa marar ɗa cikin dangi ba. Ba mai leƙa ni. Shi ɗai ne. Na ce in na hwaɗa, a maida shi aiki, a ɗauke shi a kai Kano ko Kaduna, ko ko ya samu abin da yake nema ya zauna gidanshi. To mi zai ƙara kawo shi Wurma?”

Na ce, “Da yana kwance yana kiranki fa?”

Ta ce, “Na san abin da zai tambaye ni. Ba ni iya yi wa mai mutuwa ƙarya.”

Sai ta fashe da kuka, kuka na gaske, tana bugun cinya tana cewa yanzu wa zai zo mata. Zinariya ta tashi ta ɗebo ruwa ta ba ta, domin haka ka rene ta. Na roƙe ta ta fita zaure ta maimaita a gaban maza ko da sau ɗaya. Ta ce ita ba ta saba magana gaban maza ba. Kafin la'asar ta kama hanyar tasha.

Shi ya sa na rubuta. Mu uku muka ji, kuma ga sunana a ƙasa. Mutanen Dutsin-Ma da na Kurfi, ku da kuka cika layinmu ranar Talata, Malam Mahmuda bai kira jirgi a kan Bilya ba. Hana shi ya yi, har muryarsa ta dushe. Kada wanda ya zo ya ce mini da ma shi bai taɓa yarda da zancen ba. Na san ƙofar da goro yake tsallakewa, na kuma san hannuwan da suke rabawa.

Malam Mahmuda, maƙwabcina, Allah ya jiƙanka da rahamarsa. Ya yafe maka ɗan wasan da ka yi da tsofaffi, ai ka biya shi da abin da ya ninka shi. Ya haskaka kabarinka, ya sa wahalar hanyar Wurma ta zame maka nauyi a mizani, ya haɗa ka da Bilya a inda ba a buƙatar shaidar kowa. Rekiya, 'yar'uwata, Allah ya ba ki haƙuri, ya saka miki da zaman da kika yi da shi lokacin da zama da shi abin gori ne. Zinariya da ƙannenki, ku ɗaga kai, ku faɗi sunan ubanku a duk inda aka tambaye ku. Allah ya raya ku, ya tsare ku daga irin mutanen da ya zauna da su.

Dada Kande ma ta yi rashin ɗa, wannan na biyu, al'ada kuma ta ce a yi mata ta'aziyya. To na yi. Addu'ar da zan iya yi mata guda ce, kuma da zuciya ɗaya nake yin ta: Allah ya ba ta tsawon rai.

Lai'atu Yunana
Dutsin-Ma, Maris 1989